Hannu Guda a Kan Kwamfuta Dubu

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar banki, ko ta babban asibiti, ko ta ɗakin kwamfutocin jami'a, ya san halinta daban yake da na kwamfutar gida. Ka soka mata filashi ta yi biris da shi. Ka tashi ka je salla, kafin ka dawo ta kulle kanta tana neman kalmar sirri. Ka sauko da wata manhaja daga intanet ka ce za ka saka, ta ce ba ka da izini. Amma firintar sashenku, wadda ba ka roƙi kowa ya haɗa maka ba, tun ranar da aka nuna maka teburinka tana nan a jeri tana jiranka, haka ma foldar da abokan aikinka suke ajiye takardu. Yawancin ma'aikata sun ɗauka 'yan ICT ne suka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya suka ɗaɗɗaure su. Ba wanda ya bi su. Mutum ɗaya ne ya zauna ya rubuta ƙa'ida sau ɗaya, kwamfutoci ɗari biyar ko dubu biyar suka je da kansu suka ɗauko ta suka yi aiki da ita.

Abin da ake wannan aiki da shi a duniyar Windows shi ne Group Policy. Kamfanin Microsoft ya fito da shi a shekarar 2000, cikin Windows 2000, tare da Active Directory, wato babban kundin da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da kowace kwamfuta ta ma'aikata. Buɗe shi ba wuya. Yaron da ya yi wata uku a sashen ICT zai iya buɗe tagar, ya ga saituttuka dubbai a jere, ya latsa wanda ransa ya ba shi. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin wanne za a latsa, a kan wa zai sauka, me zai ture in ya sauka, wanne kuma ya kamata a bar shi yadda aka tarar da shi. A ganina wannan na cikin sana'o'in zamani da ba a ba su haƙƙinsu ba, dalili kuwa a fili yake: gwanin aikin ba a jin sunansa. Wanda kowa ya sani a ma'aikata shi ne wanda ya taɓa hana jama'a shiga kwamfutocinsu ranar Litinin da safe.

Kafin 2000, a zamanin Windows NT 4.0, akwai wani tsari mai kama da wannan. Ana shirya shi da wata ƙaramar manhaja, Poledit, a ajiye sakamakon a fayil guda mai suna NTConfig.pol. Babban cikas ɗinsa shi ne ba ya janyewa. In ka hana mutum wani abu, an rubuta hanin kai tsaye a rajistar kwamfutarsa, wato ma'ajiyar saituttukanta, ko ka goge ƙa'idar daga saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, hanin yana nan daram sai an bi an warware shi. Waɗanda suka tsara Group Policy sai suka ware wasu sassa na musamman a cikin rajista, aka ce nan ƙa'idoji za su riƙa sauka. Idan kwamfuta ta zo sabuntawa, sai ta share abin da ke sashen ta rubuta abin da ke kanta a yanzu. Ka cire ƙa'ida, tasirinta ya tafi da ita. Duk da haka har yau akwai saituttukan da ba sa janyewa, kamar izinin da aka ɗora wa fayiloli da foldoji, kuma gwani ya haddace su, yana yi musu taka-tsantsan na daban.

Kowane kundin ƙa'ida, wanda masu aikin ke kira GPO, gida biyu yake kwana. Rabinsa yana cikin Active Directory: sunansa, lambarsa, da jerin waɗanda aka yarda su karanta shi. Ɗaya rabin kuma fayiloli ne a wata folda mai suna SYSVOL, wadda kowace babbar saba ta domen ke da kwafinta. Domen shi ne da'irar duk kwamfutoci da ma'aikatan da kundi ɗaya ya tattara. Duk lokacin da aka taɓa GPO, lambar bugunsa tana ƙaruwa, da ita ce kwamfuta ke gane an yi canji.

Abin da sabon shiga ke yawan jahilta shi ne saba ba ta tura wa kowa komai. Kwamfutoci ne ke zuwa tambaya. Suna tambaya idan an kunna su, suna tambaya idan mutum ya shiga da sunansa, sannan suna komawa kowane minti 90, da ƙarin wasu mintuna da kowace ke zaɓa wa kanta tsakanin sifili da 30. An sa wannan ƙarin ne don kada kwamfutoci dubu da aka kunna ƙarfe takwas su taru a kan saba ƙarfe tara da rabi su danne ta. Manyan sabobin su kansu kowane minti 5 suke dubawa. In lambar bugu ba ta canja ba, kwamfuta ba ta wahalar da kanta, sai dai saituttukan tsaro, waɗanda ake sake ɗorawa kowace awa 16 ko an canja ko ba a canja ba.

Ka tsaya ka auna abin da waɗannan lambobi ke nufi ga mai riƙe da aikin. Kuskuren da ya yi ƙarfe goma, kafin azahar ya isa kowane tebur da ke kunne, daga hedikwata har reshen da ya fi nisa. Gyaran ma sai ya ɗauki kusan awa biyu kafin ya zagaye, in an yi sa'a ke nan. In kuwa kuskuren ya shafi hanyar sadarwa ne, misali ya rubuta ƙa'idar katangar tsaro da ta toshe ƙofar da kwamfutoci ke bi su isa saba, to ba za su iya zuwa ɗaukar gyaran ba, domin ƙa'idar da suka yi wa biyayya ita ce ta yanke su. Daga nan sai tafiya da ƙafa, ofis bayan ofis, reshen wani gari kuma sai an hau mota. Shi ya sa wanda ya san aikin ba ya sakin sabuwar ƙa'ida ranar Juma'a da yamma, kuma kafin ya latsa komai yakan tambayi kansa: in wannan ya ɓaci, ta ina zan bi in dawo da shi?

Zuciyar sana'ar ita ce sanin wa ke gaba da wa. Kwamfuta ɗaya takan samu ƙa'idoji goma ko ashirin a kanta, wasu suna karo da juna. Tsarin ɗora su ba ya canjawa: da farko ƙa'idar da ke cikin kwamfutar kanta, sai ta shiyya, wato wurin da take a zahiri bisa lambobin hanyar sadarwa, sai ta domen baki ɗaya, sai ta rukunan da aka zuba ta a ciki, waɗanda ake kira OU, daga babba zuwa ƙarami. Wanda aka ɗora a ƙarshe shi ke cin nasara. Abin ya yi kama da tsarin sarauta da aka juya shi: sarki ya yi magana, hakimi ya yi, dagaci ya yi, mai unguwa ya yi, in maganganun sun saɓa ta mai unguwa ake bi, domin shi ya fi kusa. Mai unguwa har yana da damar toshe kunnensa daga duk abin da ya zo daga sama. Sai dai sarki yana da hatimi guda, wanda a tagar aikin aka rubuta Enforced. Umarnin da ya buga wa wannan hatimi yana ratsa kowace toshiya ya kuma rinjayi maganar kowa a ƙasa.

Wanda bai ƙware ba, da ya ga ƙa'idarsa ba ta ci ba sai ya buga mata hatimin. Wani a ƙasa ya ga an takura masa, ya toshe gado. Wani ya ƙara hatimi a kan hatimi. Bayan shekara uku ba mai iya faɗa maka da baki abin da zai sauka a kan kwamfutar akanta. Gwani da wuya ka ga ya yi amfani da ɗaya daga cikin biyun, domin tun farko ya tsara rukunansa yadda ƙa'idoji za su gangaro da kansu. Kuma ba ya kwafo jadawalin muƙamai na ma'aikata ya mayar da shi rukunai. Tambayar da yake yi ita ce: su wa za a yi wa mu'amala iri ɗaya? Laftof ɗin da ke fita waje daban, kwamfutocin kanta daban, sabobi daban, na ɗakin horo daban, ko da duk a sashe ɗaya suke a takarda.

Akwai wani tarko da kusan kowa ya taɓa faɗawa. Sabuwar kwamfuta in aka shigar da ita domen ba tare da an faɗi inda za ta ba, tana sauka a wani wuri mai suna Computers. Ga ido kamar rukuni yake, alhali ba a iya ɗaura masa GPO. Sai ta zauna a can tana karɓar ƙa'idojin domen na gama-gari kawai, duk ƙulle-ƙullen da aka tanadar wa irinta ba su same ta ba, ba kuma wani saƙo da zai fito ya yi gargaɗi. Maganin umarni ne guda, redircmp, da ke karkatar da sababbin kwamfutoci zuwa rukunin da ka zaɓa. Minti ɗaya ake yi, amma sai wanda ya sani. Irinsa ne batun kalmar sirri: ƙa'idar tsawonta da daɗewarta ga asusun ma'aikata a saman domen kaɗai take ci. Ka ɗaura ta a kan rukunin manajoji, ba za ta taɓa asusunsu na domen ba. Sai a Windows Server 2008 aka kawo wata hanya ta daban ta bambanta wa wasu mutane ƙa'idar kalmar sirri.

Bayan rukuni akwai rariya. Ana iya cewa wannan GPO, ko da yake yana kan rukunin kowa, 'yan wata ƙungiya kaɗai zai shafa. Ana kuma iya sa shi ya yi wa kwamfuta tambaya kafin ya sauka: wace Windows ce a kanki, laftof ce ke ko ta tebur? A watan Yunin 2016 wannan rariya ta jefa ma'aikatu da dama cikin ruɗani. Microsoft ya saki wani gyaran tsaro mai lamba MS16-072, wanda ya sa daga ranar kwamfuta ce ke zuwa karanto ƙa'idojin ma'aikaci da sunanta, maimakon da sunan mutumin. Duk wanda ya riga ya cire wa kwamfutoci izinin karatu garin tace ƙa'idarsa, sai ya wayi gari firintoci sun ɓace, foldojin aiki sun ɓace, abubuwan da aka ɓoye wa ma'aikata sun bayyana. Wasu suka cire gyaran tsaron gaba ɗaya don a samu sauƙi, suka bar ƙofar da aka zo rufewa a buɗe. Waɗanda suka fahimci yadda abin ke tafiya kuwa suka mayar wa kwamfutoci izinin karatu kawai, komai ya dawo.

Wata dabara da nake sha'awa ita ce wadda ake yi wa ɗakunan da jama'a ke rabon kwamfuta. A ƙa'ida, saituttukan mutum suna bin sa duk inda ya shiga. To malamin jami'a da ke da sakewa a ofishinsa, in ya zauna a ɗakin kwamfutocin ɗalibai fa? Akwai saitin da ake kira Loopback, wanda ke cewa a wannan ɗaki ƙa'idar wurin ce ke aiki a kan duk wanda ya zauna, ko a haɗa ta da tasa, ko a ajiye tasa gefe ɗungurungum. Da shi ake riƙe ɗakunan karatu da kwamfutocin karɓar baƙi da sabobin da mutane da yawa ke shiga daga nesa. Da shi kuma ake rikita ma'aikata in an kunna shi a inda bai dace ba aka manta.

Ranar da abu ya ƙi, a nan ake bambance mai sana'a da mai lalube. Mai lalube umarni ɗaya ya sani, gpupdate /force, ya buga, ya sake bugawa, ya ce a kashe a kunna. Mai sana'a ya san ruwa ba ya tsami banza. Yakan fara da gpresult, wanda ke fitar da rahoton kowane GPO da ya sauka, da wanda aka ƙi da dalilin ƙin, da wanda ya yi nasara a kowane saiti. In rahoton bai gamsar ba ya leƙa littafin abubuwan da suka faru a kwamfutar. In ya ga lamba 1058 ya san ta kasa karanto fayil daga SYSVOL, sai hankalinsa ya koma kan hanya. Sau da yawa laifin na DNS ne, wato tsarin da ke fassara suna zuwa adireshi: wani ya sa wa kwamfutar adireshin DNS na waje don intanet ta yi sauri, ita kuma ta daina gane inda sabarta take.

A ƙasashenmu akwai ƙarin wani mai laifi da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, shi ne agogo. Tsarin tantancewa na Kerberos, wanda Active Directory ke amfani da shi, a saitinsa na asali bai yarda agogon kwamfuta da na saba su saɓa da fiye da minti 5 ba. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu, aka ɗauke wuta, janareta bai tashi da wuri ba, takan farka da kwanan watan wata shekara da ta wuce. Daga nan tantancewa ta rikice, ƙa'idoji su tsaya. Na fi ganin girman ma'aikacin da ya kalli kusurwar allo ya ce a canja batir a kan wanda ya kwana yana sake zuba Windows. Haka nan batun sayayya: laftof ɗin da aka ɗauko a kasuwa da Windows Home ba ta shiga domen sam, don haka mai kula da ƙa'idoji na ƙwarai yana sa baki tun a takardar sayen kaya. Rassan da ke kan layi mai rauni ma da nasu hukuncin. In kwamfuta ta auna ta ga saurin layin bai kai kilobit 500 a daƙiƙa ba, tana ɗaukar saituttukan tsaro amma ta tsallake masu nauyi irin saka manhaja. Wanda bai san wannan ba zai yi ta mamakin yadda hedikwata ta samu sabuwar manhaja, reshe bai samu ba.

Duk wannan ilimi ne da ake iya karantawa. Abin da ba ya cikin littafi shi ne kamun kai. Mai iko da saituttuka dubbai yana cikin jarrabawa kullum, domin kowane hani yana da hujjar da za a iya kare shi da ita. A hana canja hoton allo, a hana latsa dama, a hana filashi ga kowa har da mai ɗaukar hoton ma'aikata, a kulle allo bayan minti ɗaya. Sakamakon sananne ne: mutane ba sa daina aiki, hanya suke canjawa. Takardar da aka hana kwafa a filashi sai a ɗauki hotonta da waya a tura ta WhatsApp, ta fita daga inda ake iya kare ta gaba ɗaya. Batun canja kalmar sirri ya isa misali. Saitin asali na domen yana tilasta canji kowane kwana 42, kuma shekara da shekaru ana ganin hakan shi ne tsaro. Abin da ya haifar shi ne kalma ɗaya da ake ƙara wa lamba a ƙarshe, da 'yar takarda a ƙarƙashin kibod. A 2017 hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta ba da shawarar a daina tilasta canjin lokaci-lokaci sai in akwai alamar an sace kalmar, a 2019 kuma Microsoft ya cire shi daga jerin saituttukan tsaron da yake ba da shawara. Gwani yana bin irin waɗannan sauye-sauye, yana kuma da ƙarfin halin shiga ofishin shugaba ya ce wannan dokar tamu wahala kawai take ƙarawa.

Sauran ɗabi'unsa ba su da armashin ba da labari. Yana da ƙaramin rukunin gwaji, ya fara da kwamfutarsa, sannan sashen ICT, sannan wasu 'yan ma'aikata masu haƙuri daga kowane sashe, kafin kowa. Yana ba kowane GPO sunan da ke faɗin aikinsa, ya rubuta dalili da ranar da aka yi da wanda ya nema. Ba ya cusa komai cikin Default Domain Policy, ya bar ta ga kalmar sirri da makamantanta. Yana ɗaukar kwafin ajiya kafin ya taɓa, domin tagar gyaran ba ta da maɓallin fasawa: abin da ka canja ya canju nan take. Wanda ya gaji domen daga irin wannan mutum yakan yi masa addu'a ko bai taɓa ganinsa ba.

Kamfanin da ya ƙera kayan ma ya taɓa yin tuntuɓe. A 2006 Microsoft ya sayi kamfanin DesktopStandard, ya shigar da fasaharsa cikin Windows Server 2008 da sunan Preferences. Abu ne mai daɗin aiki: da shi ake haɗa firintoci da foldoji, a ƙirƙiri gajerun hanyoyi, har a saita kalmar sirrin asusun shugaban kowace kwamfuta. Kalmar tana ajiye a fayil cikin SYSVOL, a rufe da makulli. Matsalar ita ce makullin ɗaya ne a duk duniya, kuma Microsoft da kansa ya wallafa shi a takardun bayanin fasaharsa. SYSVOL kuwa kowane mai asusu a domen yana iya karanta ta. Ma'ana, ɗan bautar ƙasa da aka buɗe wa asusu jiya zai iya fito da kalmar sirrin da ke buɗe kowace kwamfuta. A watan Mayun 2014 gyara mai lamba MS14-025 ya hana saka sababbin kalmomi ta wannan hanya, amma bai goge tsofaffin ba, sai mai kula ya bi ya share da hannunsa. A 2015 aka fito da LAPS, wanda ke ba kowace kwamfuta kalmarta daban yana kuma canja ta da kansa. Har yau masu gwajin tsaro in sun shiga ma'aikata, SYSVOL na cikin wuraren da suke fara leƙawa.

Dalilin leƙawar a bayyane yake. Hanyar da ke kai ƙa'ida ga kwamfuta dubu tana iya kai musu guba. A 2021 masu bincike suka gano cewa manhajar garkuwa da bayanai ta LockBit 2.0, in ta samu kanta a babbar saba, tana ƙirƙirar GPO da kanta, ta kashe kariyar Windows Defender, ta umarci kowace kwamfuta ta kunna ta. Ranar 23 ga Fabrairun 2022, jajibirin shigar sojojin Rasha Yukren, aka saki wata manhajar share bayanai da aka laƙaba wa HermeticWiper a kan ma'aikatun ƙasar, kuma kamfanin tsaro na ESET ya ba da rahoton cewa aƙalla a wuri guda ta Group Policy aka raba ta. Kwamfutocin ba su yi gardama ba, umarni ne ya zo daga inda suka saba karɓa. Saboda haka tambayar wa ke da ikon gyara GPO ta fi kowane saiti da ke cikinsa nauyi. Mai hankali yana da asusu biyu, na karanta imel daban, na mulki daban, kuma ba ya shiga kwamfutar kowa da na biyun.

Labarin da ya fi nuna darajar kundin Active Directory ya ratso ta yankinmu. Ranar 27 ga Yunin 2017 manhajar NotPetya, wadda ta fito ta cikin wata manhajar lissafin haraji ta Yukren, ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk, ɗan ƙasar Denmak, wanda reshensa ke gudanar da tashar kwantena a Apapa. Cikin ɗan lokaci ta lalata kusan komai. Manyan sabobin domen na kamfanin, wajen 150, kowace kwafin 'yar'uwarta ce, an ɗauka in ɗaya ta faɗi sauran za su tashe ta. Ba a yi tanadin ranar da za su faɗi tare ba. Binciken da mujallar Wired ta wallafa a 2018 ya ce an samu guda ɗaya da ta tsira a ofishin kamfanin na Gana, saboda an ɗauke wuta kafin harin, ta kasance a yanke. Layin intanet ɗin ofishin ba zai iya tura bayanan da wuri ba, ma'aikatan kuma ba su da bizar Ingila, sai ɗaya ya hau jirgi da faifan zuwa Najeriya ya miƙa wa wani abokin aiki a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Shugaban hukumar kamfanin a lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a taron Davos na 2018 cewa sun sake gina sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 da manhajoji 2,500 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Kwamfuta 45,000 ba a saita su da hannu cikin kwana goma. Sai kundin ya dawo tukuna, sannan kowace ta san ko ita wace ce da abin da ke kanta.

Yau ana yawan cewa zamanin Group Policy ya wuce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: an gina shi ne don kwamfutar da ke cikin gini ɗaya da sabarta, ma'aikacin yanzu kuwa yana iya yin wata bai taka ofis ba. Microsoft yana tura jama'a zuwa Intune, wanda ke isar da saituttuka ta intanet ga laftof da waya duk inda suke, har ya yi kayan aikin da ke karanta tsofaffin GPO ya faɗi waɗanda za su iya ƙaura. Amma Intune kuɗin wata-wata ne a kan kowane mutum, kuma yana son intanet mai ɗorewa, abubuwa biyun da ma'aikatu da yawa a nan ke lissafawa da kyau kafin su amsa. Manhajojin Chrome da Firefox da Office duk suna fitar da samfuran ƙa'idojinsu don Group Policy, Samba kuma tun bugu na 4 a 2012 yana iya zama sabar domen a kan Linux ba tare da kuɗin lasisin Windows Server ba. Ko an ƙaura ma, tambayoyin suna nan: wa abin zai shafa, me zai ture, ta ina za a dawo.

Matashin da ke son koyo ba ya buƙatar izinin kowa. Microsoft yana ba da Windows Server na gwaji kyauta na kwana 180. Laftof mai isasshiyar ƙwaƙwalwa za ta ɗauki kwamfutocin kwaikwayo uku a cikinta, saba ɗaya da na ma'aikata biyu. Ya kafa domen, ya yi rukunai, ya rubuta ƙa'idoji biyu masu karo da juna, ya faɗi wadda za ta ci kafin ya buɗe gpresult ya duba. Sannan ya toshe hanyar saba da gangan, ya lalata DNS, ya karkatar da agogo da minti goma, ya zauna ya gyara kowanne ba tare da ya sake zuba Windows ba.